Daga ƙwaya ɗaya zuwa biliyan: lissafin da ke bayan ciwon daji

A kowace daƙiƙa jikin baligi yana ƙera sababbin ƙwayoyin halitta kimanin miliyan 3.8. A yini da kwana abin ya kama biliyan 330. Wannan ƙiyasin Ron Sender da Ron Milo ne, masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, da suka wallafa a 2021. Shekara biyar kafin nan su biyun, tare da Shai Fuchs, sun lissafa cewa namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kusan tiriliyan 30. In aka haɗa alƙaluman biyu, kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin jikin mutum ake sauyawa kullum, yana barci ko yana farke.

Sai dai ba ko'ina ake wannan hada-hadar ba. Kimanin kashi 86 cikin 100 na sababbin ƙwayoyin na jini ne, waɗanda ɓargo ke fitarwa, sauran kuma mafi yawansu na shimfiɗar cikin hanji ne. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki kafin a yi ritayarta. Ta cikin hanji kuwa kwana 3 zuwa 5 ne iyakarta. A ɗaya gefen akwai mafi yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda mutum zai je kabari da waɗanda ya taso da su tun yana jariri, da na naman zuciya da ba sa sabuntuwa fiye da kashi 1 cikin 100 a shekara ko a jikin matashi. Mai karatu ya riƙe wannan bambancin, domin shi ya sa kowa ya san wanda sankarar hanji ko ta jini ta kama, amma da wuya ka ji an ce sankara ta tsiro daga naman zuciyar wani.

Kafin ƙwaya ta rabu gida biyu dole ta kwafe kundin gadon da ke cikinta baki ɗaya, wato DNA, don kowace ɗiya ta tafi da nata. Kundin yana da haruffa kusan biliyan 6, rabi daga uwa rabi daga uba, a naɗe cikin dami 46 da ake kira kuromosom. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya ɗaya tak, zai kai tsawon mita 2. Ƙwayar mutum da ake reno a ɗakin gwaji takan kammala zagayenta cikin kimanin awa 24: wajen awa 11 tana girma, awa 8 tana kwafin, awa 4 tana shiri da dubawa, rabuwar kanta kuma awa ɗaya kacal. Raba haruffa biliyan 6 a kan awa 8, za ka samu sama da haruffa 200,000 a daƙiƙa. Na'urar kwafin guda ɗaya ba ta wuce haruffa 50 a daƙiƙa, saboda haka da a wuri ɗaya ake fara kowane dami, kuromosom mafi tsawo kaɗai sai ya ci wata guda zuwa biyu. Abin da ake yi shi ne a buɗe aikin a wurare dubu goma-goma lokaci ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ganin malami yana kwafe littafi da hannu ya san ba a rabuwa da tuntuɓen alƙalami, shi ya sa yake komawa ya bi layin da ya rubuta, sannan ya miƙa wa wani ya sake dubawa. Haka abin yake a nan, hawa uku. A rubutun farko ana samun kuskure kamar ɗaya a cikin haruffa 100,000, wanda da an bar shi haka zai zama kuskure 60,000 a rabuwa guda. Na'urar da kanta tana ja da baya ta goge abin da ta rubuta ba daidai ba, sai adadin ya sauko zuwa ɗaya cikin miliyan 10, wato saura 600. Sai rukuni na uku ya biyo baya yana lalube, ya mayar da shi ɗaya cikin biliyan ko ƙasa da haka. Abin da ke tsira a ƙarshe kimanin kuskure uku ne a kowace rabuwa.

Uku cikin biliyan shida! Babu wani aikin hannun ɗan Adam da ya kusanci wannan tsabta. Matsalar tana wajen yawan maimaici, don an ƙiyasta cewa a tsawon rayuwar mutum ɗaya ana yin rabuwar ƙwaya kusan sau 10,000,000,000,000,000, wato ɗaya da sifili goma sha shida. Da irin wannan adadi, babu wani umarni a cikin kundin da bai taɓa lalacewa a wata ƙwaya a wani lungu na jiki ba, kuma ba sau ɗaya ba.

To me ya hana kowa kamuwa tun yana yaro? A ganina wannan ce tambayar da ta fi cancanta, ba ta "me ya jawo masa" da muke yi a zauren gaisuwa ba.

Amsar farko ita ce mafi yawan kurakuran a fili suke faɗawa. Sashen kundin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma cikin umarni kusan 20,000 da ke wurin, waɗanda aka tabbatar lalacewarsu na tura ƙwaya zuwa sankara ba su kai dubu ba. Na biyu, ƙwaya ba ta wucewa daga mataki zuwa mataki sai ta tsaya an tantance ta: ta kai girman da ya kamata? An gama kwafin? Akwai ɓarnar da ba a gyara ba? Gano masu riƙe da wannan ragama ne ya ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse kyautar Nobel a 2001. Fitacce cikin masu tsaron shi ne furotin da ake kira p53, wanda aka gano a 1979. In ya ga ɓarna sai ya tsayar da ƙwayar a gyara, in ta fi ƙarfin gyara ya umarce ta ta kashe kanta. A kusan rabin dukkan sankarar da ake samu a jikin mutane, umarnin da ke ƙera p53 a lalace ake tarar da shi. Na uku, ƙwaya lafiyayya tana da iyaka. Leonard Hayflick da Paul Moorhead sun nuna a 1961, a Filadelfiya ta Amurka, cewa ƙwayoyin mutum da ake reno sukan rabu sau 40 zuwa 60 ne su tsaya cik, kuma daga baya aka gane cewa bakin kowane kuromosom ne ke ɗan gajarcewa a kowace rabuwa har ya ƙare. Kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na sankara sun samu hanyar sake ƙara tsawon wannan bakin. Ƙwayoyin da aka ɗauka daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a Baltimo a 1951, ba da saninta ba, har yau suna rabuwa a ɗakunan gwaji na duniya, ita kuwa ta rasu a shekarar tana da shekara 31.

Ke nan kuskure ɗaya ba ya isa. Sai an samu jerin kurakurai, kowanne ya faɗa daidai wurin da zai yi ɓarna, kuma duk a zuriyar ƙwaya ɗaya. Wani bincike na Cibiyar Sanger ta Ingila a 2017, wanda ya duba dubban samfurori, ya sa adadin tsakanin 1 da 10 gwargwadon nau'in cutar, matsakaicinsa wajen 4. Masu binciken wannan cibiya sun riga sun ba mutane mamaki a 2015, da suka duba fatar ido ta wasu dattawa lafiyayyu suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin suna ɗauke da aƙalla kuskure ɗaya irin na sankara, alhali fatar lafiyarta lau. Sun taka matakin farko, ba su samu na biyu da na uku ba.

Tun kafin a iya karanta kundin gado masu lissafi suka hango haka daga takardun mace-mace. A 1954 Peter Armitage da Richard Doll sun lura cewa yawancin nau'o'in sankara ba sa ƙaruwa daidai da ƙaruwar shekaru, tashin gwauron zabo suke yi. In shekaru suka ninka biyu, haɗarin yakan ninka wajen sau 32 ko fiye. Ɗan shekara 60 bai ninka ɗan shekara 30 haɗari sau biyu ba, ya ninka shi sau talatin da wani abu. Daga siffar wannan hawan suka ce lallai matakai shida ko bakwai ake bi. Alfred Knudson kuma a 1971 ya duba yara 48 masu sankarar ido, ya nuna cewa wanda ya gaji kwafi ɗaya a lalace daga iyaye bugu ɗaya ya rage masa, shi ya sa takan kama shi da wuri kuma sau da yawa a ido biyu. Abin da ake gada ke nan a gidajen da cutar ke yawan ɓulla: ba ita kanta ba, tazarar da aka rage.

Giwa ta kawo wa wannan lissafi cikas. Tana da ƙwayoyi ninkin na mutum kusan sau ɗari, tana kuma kai shekara 60 zuwa 70, don haka bisa ƙa'ida ya kamata sankara ta gama da ita. Richard Peto ne ya fara jan hankali ga irin wannan saɓani a shekarun 1970. A 2015 aka samu wani ɓangare na amsar: mutum yana da umarnin p53 guda ɗaya, kwafin uwa da na uba, giwar Afirka kuwa tana da kusan 20. A cikin giwayen da aka bi bayanan mutuwarsu, waɗanda sankara ta kashe ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Yanzu a ce ƙwaya ɗaya ta tsallake duk waɗannan. Lissafin da ya biyo baya kowa zai iya yin sa a bayan takarda, kuma shi ne ya fi shafar mai zuwa asibiti. Ɗaya ta zama 2, ta zama 4, ta zama 8. A ninki na 10 an kai 1,024. A na 20 an haura miliyan ɗaya, amma ƙarin bai wuce kan allura ba, milimita ɗaya ko makamancin haka. A nan ma akwai wani shingen, domin kamar yadda Judah Folkman ya bayyana a 1971, ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa sababbin hanyoyin jini. A ninki na 30 an kai 1,073,741,824, nauyin giram ɗaya, faɗin santimita ɗaya, girman ƙwayar gyaɗa. Wannan ne kusan mafi ƙanƙantar abin da yatsa zai iya ji a mama, in ma an yi sa'a yana kusa da fata. A ninki na 40 an haura tiriliyan ɗaya, kilo guda na ƙari, wanda jiki ba kasafai yake iya ɗauka ba.

Talatin a ɓoye, goma a sarari. Ranar da mace ta fara jin ɗan ƙullutu tana wanka, wanda ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, har take cewa bari a ga yadda zai yi, ƙarin ya riga ya cinye kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa. A ɗauka, don misali kawai, yana ninkawa duk kwana 100. Ninki 30 ya zama kwana 3,000, sama da shekara takwas ba wanda ya sani. Goman da suka rage kuwa kwana 1,000 ne, ba su cika shekara uku ba. Wata shida da za a yi ana shafa magani ana jiran a ga hali ya kusa ninki biyu, wato ƙarin ya kusa ruɓanya huɗu. Gaskiya ne ƙari ba ya tafiya da ƙa'ida haka, yakan yi sauri yana ƙarami ya rage gudu in ya girma, kuma ƙwayoyinsa da yawa suna mutuwa a hanya. Amma siffar lissafin ba ta canzawa. Ita ce kuma ke warware maganar nan da ake yawan yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙar likita sai ya bazu. Wanda aka kai a ninki na 37 ya bazu tun kafin ya ga ƙofar asibiti, aikin da aka yi masa bayyana abin ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matan da aka gano suna da sankarar mama, waɗanda ke raye bayan shekara biyar sun haura kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, kashi 66 a Indiya, kashi 40 a Afirka ta Kudu. Babban abin da ya raba waɗannan alƙaluma shi ne matakin da ake kama cutar da kuma samun magani a kan kari.

Akwai masu gudun tsiya. Sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya, tana iya ninkawa cikin awa 24 zuwa 48. Uwa za ta ga kuncin ɗanta ya ɗan tasa ranar Juma'a ta ɗauka haƙori ne, kafin Juma'a biyu fuskar ta sauya. Abin mamakin shi ne tana cikin masu saurin jin magani, saboda magungunan kemo na asali ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa suke kai wa hari, ita kuma kusan duk ƙwayoyinta a cikin rabuwa suke. Wannan dalilin ne dai ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, ciki ya ɓaci, jini ya yi ƙasa: saiwar gashi da shimfiɗar hanji da ɓargo su ne masu saurin rabuwa a jikin lafiyayye. Hutun mako biyu ko uku da ake bayarwa tsakanin zagaye da zagaye don ɓargo ya farfaɗo ne.

A 2015 wani lissafi ya tayar da ƙura. Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins sun ɗauki sassan jiki 31, suka kwatanta yawan rabuwar ƙwayoyin tushe na kowane sashe da haɗarin sankararsa, suka tarar suna tafiya tare ƙwarai. Babban hanji, alal misali, haɗarinsa a tsawon rayuwa kashi 4.8 ne cikin 100 a Amurka, ƙaramin hanji kuma kashi 0.2, duk da cewa abinci ɗaya ke ratsa su. Suka ce kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin sassan jiki yawan rabuwa ne ke bayyana shi. Jaridu suka ɗauka suka ce kashi biyu cikin uku na sankara rashin sa'a ne kawai. Ba abin da aka faɗa ke nan ba. Bayanin dalilin da ya sa hanji ya fi ƙashi kamuwa daban, bayanin dalilin da ya sa wannan mutum ya kamu wancan bai kamu ba daban.

Na damu da wannan kuskuren fahimta domin a wajenmu ya fi tsada. Mai shan kwalin sigari ɗaya kullum yana tara ƙarin kurakurai kusan 150 a kowace ƙwayar huhunsa duk shekara, bisa wani bincike na 2016, wato kuskure ɗaya a duk kara 50. Sannan ga cututtuka masu yaɗuwa. A ƙididdigar 2012, sankarar da ƙwayoyin cuta ke haddasawa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba a Amurka da Kanada da Ostareliya, amma ta haura kashi 50 a wasu ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Bairos ɗin HPV yana ƙera furotin biyu, ɗaya ya rusa p53, ɗaya ya ɗaure Rb, wato mai tsaron nan da ke lalacewa a sankarar idon yaran da Knudson ya duba. Matakai biyu ke nan a kyauta. Nau'i biyu kawai na bairos ɗin, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa.

Sai kuma wanda ke cikin rumbunmu. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi funfuna, ka fasa kwanso ka ga ƙwayar ta yanƙwane, da ɗan kore-kore a jikinta, in ka tauna ka ji ɗaci. Funfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda suya da dahuwa ba sa kashe ta. Aikinta a hanta har adireshi gare shi: a 1991 aka gano, a majinyatan Sin da na kudancin Afirka, cewa takan sauya harafi ɗaya a gurbi na 249 na umarnin p53. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ke sa hanta ta yi ta mutuwa tana sake rabuwa shekara da shekaru, haɗarin ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi. Ɗaya na ƙara yawan kwafi, ɗaya na ƙara yawan kuskure, a gaɓa ɗaya. Waɗannan yanƙwanannun da ake warewa gefe bayan an tsince na kai wa kasuwa, sau da yawa su ne ke komawa tukunyar gida.

Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu cutar miliyan 20, mutum miliyan 9.7 kuma suka mutu. Huhu ne kan gaba da miliyan 2.5, sai mama miliyan 2.3, sai babban hanji miliyan 1.9. Mutum ɗaya cikin biyar zai kamu a tsawon rayuwarsa. Hasashenta na 2050 ya haura miliyan 35, ƙarin kashi 77 cikin 100, kuma babban dalilin ba wai cutar ta ƙara ƙarfi ba ne, mutane ne ke ƙaruwa suna kuma daɗewa a duniya, lissafin Armitage da Doll yana aikinsa.

Na Najeriya a 2022 kusan 128,000 ne sababbi, mace-mace kusan 80,000. Ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistocin wasu birane ƙalilan, irin na Ibadan da aka kafa tun 1960, don haka wanda ya rasu a ƙauye ba a taɓa yi masa gwaji ba sai dai a cike gurbinsa da lissafi. Adadin ya yi kaɗan ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 20 ba, ba su iso shekarun da hawan ke miƙewa ba tukuna. Alƙalamin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na mace-mace a kan sababbin kamuwa: wajen 25 cikin 100 a Amurka, 48 a duniya baki ɗaya, 62 a Najeriya. Sankarar mama ce ta ɗaya da mata sama da 32,000, ta bakin mahaifa kuma ta kama fiye da 13,000.

A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kaiwa ga miliyan 7.7. Daga kamuwa da bairos ɗin zuwa zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, 5 zuwa 10 in garkuwar ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ba ta shan magani. Saboda haka ba za a ga tasirin allurar a rajistar sankara ba sai wajen shekarun 2040, lokacin da 'yan matan da aka fara da su za su kasance cikin shekarunsu na talatin. Iyayensu mata da yayyensu, waɗanda allurar ta wuce su, abin da ya rage musu shi ne gwajin bakin mahaifa, wanda ke kama ƙwayoyin tun suna matakin farko ko na biyu, shekaru kafin su fara ninkin da ake ƙirgawa.